Ɗigon Fensir a Sandar Baba Gide

"Suwaibatu! Matar Rabo! Leƙo ki raba mu gardama."

Muryar Baba Gide ce ta tsallako katanga. Ina tsakar gida ina tankaɗen garin masara, hannuwana fari fat. Na kakkaɓe, na ja mayafi, na bi ta 'yar ƙofar langalangar da ke tsakanin gidanmu da nasu.

Na iske shi zaune bisa buzu a gindin itacen bedi, doguwar sandar gora a gicciye kan gwiwoyinsa. Ƙanensa, Malam Maharazu, yana tsaye a kansa da makullin babur a hannu, ko ruwan da aka kawo mashi bai sha ba. Tun da safe ya taso daga Ƙanƙara, a hanyar da yanzu mutum ba ya hawanta sai ya yi addu'a ya ƙara. Can bakin madafa kuma Hajaratu ce, ɗiyar Baba Gide, durƙushe tana hura wutar da ta riga ta kama.

Na durƙusa na gaishe su.

"Lahiya lau, ɗiyata. Ungo." Ya miƙo sandar, sai dai ya miƙa ta gefen da ba na nan. Na matsa na karɓa kamar da ma can nake tsugune. "Ke ce mai ɗinkin hula, kin san layi. Duba mani ɗigon nan tun daga gindi har sama. Daidai suke, ko kuwa?"

"Yaya, ni fa ba zancen sanda ya kawo ni ba," in ji Malam Maharazu. "Likitocin ido sun sauka Funtuwa, kuma ba daɗewa za su yi ba. Yanar ido suke cirewa. Ladanin unguwarmu da ake ja da sanda, an yi mashi, yanzu shi ke zura wa matarsa zare a allura. Tashi ka sa riga mu tahi."

"Mai yana shi tahi. Bari yarinya ta duba."

Duk wanda ya san Mairuwa ya san sandunan fatsar Baba Gide. Da can masunci ne, a bakin dam ɗin nan ya ƙarar da ƙuruciyarsa. Da gwiwa ta ƙi, sai ya dawo gida ya koma haɗa wa masu fatsa sanda. Zai gasa gora a wuta ya miƙar da ita, ya kankare, ya goge har ta yi sumul. Amma abin da ke kawo mutane tun daga Sabuwa da Faskari, har da ma'aikatan Funtuwa masu zuwa da sandar roba 'yar China ba ado a jikinta, shi ne naɗin zare. Yakan naɗe mariƙin da zare kala-kala, wani ya hau kan wani a gicciye, su fito ido-ido kamar saƙar taru. Ya sha faɗa mani cewa naɗin ba shi ne aikin ba, aikin yana wurin sa alama. Sai an tanƙwara sandar an gano bayanta, a ja layi miƙaƙƙe daga gindi zuwa sama, a juya a ja wani a cikinta. Sannan a bi layin da ɗan guntun kara ana aunawa ana ɗiga fensir, kowane ɗigo na ciki ya faɗa tsakiyar biyun da ke baya. A kan ɗigon nan zaren ke gamuwa. In ɗaya ya kauce, sauran duk sai sun bi shi, adon ya murɗe kamar an matse wanki.

Na ɗaga sandar na saita ta da ido ɗaya. Ɗigon sun jeru kamar an ja masu igiya. Dole su jeru. Jiya da la'asar, Baba yana masallaci, ni na riƙe gindin sandar, Hajaratu ta goge nasa da jiƙaƙƙen tsumma ta sake ɗiga nata.

Abin ya faro ne bayan girbin bara. Wani direba ɗan Sabuwa ya zo karɓar sandarsa, ya juya ta ya sake juyawa, ya ce, "Baba, wannan karon adon ya sha wani abu ne? Na ga yana tangaɗi." Ya yi dariya, ba da mugun nufi ba. Baba Gide ya miƙa hannu. Ya karɓe sandar, ya warware zaren tas, ya ce ya dawo wani makon. Daga ranar ya daina fitowa gindin bedi. Tuwo yadda aka kai mashi haka ake ɗauko shi. Tun rasuwar matarsa, Inna Zulfa, sandunan nan ne ke tayar da shi da safe, kowa ya sani. Hajaratu, wadda ita ma mutuwar miji ce ta dawo da ita gida, ta shigo wurina idanunta jawur, ta ce in koya mata yadda nake raba gidajen hula su zo daidai. Na koya mata. Na ba ta fensirin da nake zane da shi, mai baƙi ƙirin, don ɗigon su fito yadda in ya kai sanda kusa da hanci zai gan su ya bi. Ta lallashe shi ya sake gwadawa. Sandar direban ta fito kamar a ajiye ta a kallo. Baba ya ci tuwo har da neman ƙari, ya ce wancan karon fensirin ne ba shi da kyau.

Daga nan sai ya zama aikinmu. Shi ya ɗiga da hantsi, mu mu gyara da la'asar. Ba mu kaɗai ba ma, unguwar gaba ɗaya ta koyi lallaɓa shi. In za ka gaishe shi sai ka haɗa da sunanka. Takalmansa kullum a wuri ɗaya ake jera mashi. Turmi da kujera 'yar tsuguno duk sun bar tsakiyar gida sun koma jikin bango.

Na dubi Hajaratu. Ba ta juyo ba, sai hura wuta take, hayaƙi na shigar mata ido.

"Daidai suke, Baba," na ce. "Babu wanda ya kauce."

"Ka ji ko?" Ya buga cinya. "Makaho ke wannan? Kai da gilashinka, ɗauki kara ka yi mani rabinsa in gani."

Malam Maharazu ya karɓi sandar daga hannuna, ya gyara gilashi, ya bi ɗigon da ɗan yatsa har ƙarshe. Na ga kafaɗunsa sun sauka. Sai ya juya wajen madafa.

"Ke Hajaratu, ke ce zaune da shi. Ba ke kika ce mani a waya ya tsiyaye shayi a ƙasa yana zaton kofi ne ba?"

Baba Gide ya juya kansa a hankali wajen da yake jin ƙarar wuta.

"Au, ke kika kira shi?"

Ban taɓa jin ya yi mata magana da wannan muryar ba. Ba faɗa a ciki, irin muryar wanda aka yi wa tsirara a kasuwa ce. Hajaratu ta miƙe tana murza bakin zane.

"Sau ɗaya ne, Baffa," ta ce. "Kuma gari bai gama wayewa ba, babu haske a ɗakin."

Malam Maharazu ya daɗe yana kallonta. Ya dube ni ni ma. Sannan ya jingine sandar jikin bedi, ya shanye ruwan da aka kawo mashi a tsaye.

"To, Allah shi kyauta. Ni dai na fita haƙƙinka, Yaya."

"Ka gaida gida. Ka bi hanya da rana."

Muna jin ƙarar baburin har ta ɓace wajen kwalta. Da na zo fita Hajaratu ta biyo ni bakin ƙofar langalanga, ta riƙe mani hannu.

"Da kin faɗi," ta ce a hankali.

"Da ke kin faɗi."

Na koma kan tankaɗena, na iske kaji sun shiga garin.

Kwanakin da suka biyo baya ban taɓa ganin Baba Gide cikin nishaɗi irin haka ba. Ya zaɓi kore da ja da wani ruwan goro daga cikin zaren hulata, ya ce wannan sandar ba ta kowa ba ce, tasa ce. Zai zauna cikin rana tsaka, sandar dab da hancinsa, yana juya ta da hagu yana sakin zare da dama, yana 'yar waƙar masunta ƙasa-ƙasa. Duk wanda ya shigo sai ya ba shi labarin yadda Maharazu ya zo da babur zai kai shi a fafe mashi ido, ya koma da kunya. Da la'asar ta yi Hajaratu ba ta da abin gyarawa, don ɗigon sun riga sun shige ƙarƙashin zare. Sai ta zo ta zauna wurina ina ɗinki, ta yi ta cewa in likitocin suka sake zagayowa za ta san dabarar da za ta yi. Na ce ƙwarai, ai za su dawo.

Da ya gama naɗi ya shafe ta da man nan mai ƙyalli na kafintoci, ya rataye ta a inuwa ta bushe, ya ɗaura mata zare da ƙugiya. Sai ya fara zancen dam.

"Sanda ba ta zama sanda sai ta ji nauyin kifi," ya ce. "Gobe in Allah ya kai mu zan leƙa ruwa."

"Baba, damina ce, ruwa ya cika," in ji Hajaratu. "Ka bari Rabo shi samu sarari shi raka ka."

"Ke ma kin koma bakin Maharazu? Ruwan da na sani tun babu ko uwarki a gidan nan, shi za a yi mani jagora?"

Ta zo ta roƙi maigidana, ya ce to, amma a bari a gama noman da ke gabansa, ciyawa ta kusa cinye masarar.

Ranar da abin ya faru an kwana ana ruwa, gari ya waye garau. Hajaratu ta ɗauki dawa ta tafi injin niƙa. Ni ina zaure ina sharar ruwan da ya shigo, sai na ji takun takalmansa. Na ɗaga labule. Ga shi ya sha tsohuwar malfarsa, jakar fata a kafaɗa, sandar a hannu tana ƙyalli. Yana tafe yana ɗaga ƙafa sama-sama, yadda yake yi in ba a tsakar gidansa yake ba.

"Ina kwana, Baba. Suwaibatu ce."

"Na gan ki ai. Matar Rabo, ki jiƙa daddawa, yau miyar kifi za ki ci."

Na buɗe baki. Na san abin da ya kamata ya fito. Amma fuskarsa a sake take kamar ta ango, sai na ji na ce, "Allah shi ba da sa'a, Baba."

Na tsaya ina kallon bayansa har ya sha kwana. Na leƙa lungu ko zan ga wanda zan ce ya bi shi, babu kowa, duk an watse gona. Na ce bari in sa hijabi in je in gaya wa Hajaratu a wurin niƙa. Sai ɗiyata ta goye ta farka da kuka, na ɗauke ta, na ba ta nono, na ce in ta koma barci. Ba ta koma ba.

Kafin azahar aka shigo da shi a kan ƙyauren wani shago, mutum huɗu na riƙe da shi, rigarsa na ɗigar ruwa. Wani masunci da ake kira Mani ya biyo su da sandar a hannu, ko ƙwarzane ba ta yi ba.

Mani ne ya ba mu labari a tsakar gida, yana yi yana share fuska. Ya ce daga cikin kwalekwale ya hango shi yana saukowa ta wajen duwatsu. A wurin akwai wani lungu da kainuwa ta rufe ruwan ruf, kore shar, in ba ka lura ba sai ka ce ciyawa ce. "Amma ko yaro ya san ta," ya ce. "Na ga ya nufe ta kai tsaye. Na ɗauka zai tsaya a baki ne shi jefa ƙugiya. Wallahi har ya ɗaga ƙafa ban yarda ba. Ina ihu, ya riga ya taka." Ya faɗa, ƙugunsa ya bugi dutsen da ke ƙasa, ya sha ruwa kafin su kai gare shi.

Hajaratu ta shigo da ƙullin garinta a ka. Ta tsaya a bakin zaure. Ba ta yi ihu ba. Ta sauke garin a hankali, ta ajiye shi jikin bango, wurin da ba zai tare hanya ba.

An kai shi asibiti Funtuwa. Suka ce ƙashin ƙugu ya karye, ruwa kuma ya taɓa huhu, ga shekaru. Ya ɗan kwana biyu can, numfashi na ƙara nauyi, sai ya kafe a mai da shi ɗakinsa. Malam Maharazu ya so a bar shi, amma likitan ya ja shi gefe suka yi magana, da ya dawo bai ƙara musu ba. Ya kawo shi gida, ya ce zai je Ƙanƙara ya ɗauko iyali ya dawo.

Da yammacin ranar Hajaratu ta ja ni bayan rumbu. Ta rame cikin 'yan kwanakin nan har ƙashin wuyanta ya fito.

"Zan faɗa mashi," ta ce.

"Ki faɗa mashi mi?"

"Komi. Tun daga sandar direba. Ba zan bari shi tahi ban nemi gafara ba, Suwaiba. Ni na tura shi ruwan nan."

"Kada ki ƙara faɗin haka. Kwana ne ya ƙare, in ya ƙare."

"Na san da kwana. Amma da na bar ɗigon yadda ya yi su, da yanzu yana kwance da bandeji a ido yana yi mana masifa."

Na ce, "To in kin faɗa mashi, da mi zai tahi? Abin da ya rage mashi ke nan. Ki ƙwace, ki ba shi mi?"

Ta dube ni. Ni kaina ban san ko don shi na faɗi haka ba, ko don sunana da zai fito a cikin zancen. Ina jin ita ma abin da take dubawa a fuskata ke nan.

"Ki raka ni dai," ta ce.

Washegari da hantsi muka shiga, ina riƙe da kofin kunu. Ɗakin na warin man zafi. An jingina shi da filo biyu, ƙirjinsa na wani ƙara kamar ana jan ruwa da tsinke. Hasken taga ya faɗo mashi a fuska, na ga idanun sosai a karon farko ba tare da na kau da kai ba. Baƙin ya yi fari-fari kamar an ɗiga nono a ruwa.

"Baba, Suwaibatu ce da Hajaratu."

"Na gan ku." Ya numfasa. "Ina sandata?"

Hajaratu ta ɗauko ta daga bayan ƙofa ta ɗora mashi a cinya. Ya bi mariƙin da tafin hannu, yana shafa idon zaren ɗaya bayan ɗaya.

"Maharazu zai ce ido ne," ya ce. "Na san shi. Bai faɗi ba, amma na ji shi yana haɗiye maganar a asibiti. Ba ido ba ne. Santsi ne. An kwana ana ruwa, dutse ya yi gansakuka. Ko wa ya taka sai ya zame."

Ya juyo da kansa wajena.

"Ko ba haka ba, matar Rabo?"

"An yi ruwa sosai, Baba," na ce.

Hajaratu ta durƙusa a gefen katifar, ta kama ƙafarsa da hannu biyu.

"Baba, ka yafe mani."

"Mi kika yi mani?"

"Baba, sandunan nan..."

"Yauwa, kin tuna mani." Ya yi tari mai tsawo, na tallafe shi, na goge mashi baki. Da ya lafa ya ci gaba. "Wannan kada a ba kowa sai Maharazu. Ku ce shi kai ta rana shi duba da kyau. Shekara da shekaru nake sa alama, ban taɓa yin wadda ta kai wannan daidai ba. A ce mutum a ƙarshensa hannunsa ya fi kyau. Wannan ai baiwa ce Allah ya yi mani." Ya yi ɗan murmushi. "Mi za ki ce game da su?"

Na ga bakin Hajaratu ya buɗe. Ta dubi hannunsa a kan zaren, yadda yake shafa shi kamar kan jariri.

"Cewa zan yi... akwai gora biyu da ka gasa ba ka taɓa ba. Mi za a yi da su?"

"A ba Mani. Shi ya tsamo ni." Ya lalubo kanta ya dafa. "Kukan mi kike? Kin kira Baffanki, to sai mi? Tsoro kika ji, na sani. Na yafe maki, duniya da lahira, wanda na sani da wanda ban sani ba. Ke ma matar Rabo, zarenki da na yi ta cinyewa, ki yafe."

"Na yafe, Baba. Mu ma ka yafe mana."

"Ba ku yi mani komi ba sai alheri."

Ya sha kunun kaɗan, ya ce ya ƙoshi, a bar mashi sandar kusa.

A tsakar gida Hajaratu ta zauna bisa turmin da ke kife, ta zuba wa ƙasa ido. Na ce mata ai ta ji da kunnenta, har wanda bai sani ba ya yafe.

"Bai san mi ya yafe ba," ta ce.

Ya cika washegari, ana kiran azahar. Malam Maharazu ya iso da iyalinsa ɗan lokaci kaɗan kafin nan, shi ya riƙe mashi hannu yana maimaita mashi kalmar shahada. Rabo ya shigo daga gona da laka har gwiwa, ya tsaya a ƙofar ɗakin, ya cire hula. Daga baya ya ce mani da ya sani da ya bar ciyawar nan ta cinye masarar. Na ce mashi kowa da nasa da-na-sanin. Bai tambaye ni nawa ba.

Kafin la'asar aka kai shi. Masunta sun zo da yawa, wasu ko wanka ba su tsaya yi ba, da ƙarnin ruwa a jikinsu suka bi sahu.

Ranar sadakar uku, bayan maza sun yi addu'a a waje, Malam Maharazu ya yi sallama ya shigo cikin gida. Mata sun cika tsakar gidan, ana ta kwasar waina da gumba. Hajaratu ta shiga ɗaki ta fito da sandar, ta durƙusa ta miƙa mashi.

"Ya ce a ba ka, Baffa. Ya ce ka duba ta a rana."

Ya fita daga inuwar bedi ya tsaya tsakiyar gida. Ya cire gilashi ya goge da bakin riga ya mayar. Ya ɗaga sandar, ya juya ta a hankali. Kore da ja da ruwan goro suka yi ta bin juna, kowane ido daidai da ɗan'uwansa. Matan da ke kusa suka daina surutu.

"Ikon Allah," ya ce. "Ku duba nan. Ni na tsaya a wurin nan na ce da yayana makaho, a gaban ɗiyarsa, a gaban maƙwabta. Mutumin da ya yi wannan. Tun daga asibiti nake cewa a raina da ya bi ni da bai faɗa ba. Ashe ni ne na ɓata mashi rai a banza, har ya tahi ruwa don shi nuna mani." Ya share ido da bayan hannu. "Hajaratu, ke kika fi ni gaskiya da kika ce rashin haske ne. Allah shi gafarta mani."

"Baffa..." in ji Hajaratu.

Ya tsaya yana jiran ta. Duk matan suna jiran ta. Wata tsohuwa daga dangin Inna Zulfa ta ce, "Bar ta, Malam, kuka ne ya ci ƙarfinta." Ta jawo ta jikinta tana bubbuga mata baya. Malam Maharazu ya gyaɗa kai, ya rungume sandar a ƙirji, ya fita yana sunkuyar da ita kada kanta ya bugi saman ƙofa.

Na koma bakin murhu na ci gaba da juya waina. Guda biyu suka ƙone a hannuna.

Da rana ta yi sanyi, baƙi sun ragu, Mani ya aiko da sadakar masunta, tarwaɗa cike da babban baho. Aka sa ni da wasu mata biyu gyarawa a bayan madafa. Muna cikin yi, muka kai ƙasan bahon, sai ga wata 'yar ƙarama a ƙarƙashin sauran, da sauran ranta, tana buɗe baki tana rufewa. Na kai hannu zan ɗauko ta, Hajaratu ta zo ta bayana ta riga ni. Ta saka ta a bokiti, ta ɗebo ruwa a randa ta zuba mata, ta kai gindin bedi ta ajiye.

Har na tattara kwanukana zan koma gida tana nan tsugune a wurin, haɓarta bisa gwiwa. Kifin ya kwanta a ƙasan bokitin, gashin bakinsa na motsi a hankali. Ganyen bedi ɗaya ya faɗo kan ruwan, ta sa yatsa biyu ta tsame shi.